Takardar Sista Balki a Ƙusar Lawali

Da daminar bana abokina Lawali ya cika shekara goma sha shida da rasuwa. Ban yi niyyar rubuta komai a kansa ba, domin shi mutum ne da ba ya son a ambace shi cikin taro. Amma kwanakin baya na tashi da safe na tarar wayata ta sauya kanta da kanta. Inda na saba dannawa in kira iyalina ya koma wani wuri, an ƙaro abubuwan da ban roƙa ba, an ɗauke wanda nake amfani da shi kullum. Na zauna bakin gado ina jujjuya ta, sai na ji bakina ya ce, "Da Lawali ne, da sai ya tambaya." Tun ranar yake cikin raina.

Tare muka tashi a Gummi, unguwa ɗaya, aji ɗaya a firamare, tare muke zuwa fadama korar tsuntsaye a gonar shinkafar mahaifinsa. Shi ya wuce Sakkwato ya karanta lissafi, ya dawo yana koyarwa a sakandare. Ni kuma na samu aikin ba da kati a wani ƙaramin asibiti da ke yankinmu, inda na yi kusan dukan rayuwar aikina. A can Sakkwato ne, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ya fara taɓa kwamfuta. Ba shi da tasa. Da biro yake rubuta umarnin da zai ba ta a littafin ɗalibai, ya bi shi layi-layi yana gyarawa, sai ranar da ya samu wanda zai ara masa na'urar na awa ɗaya ya gwada.

A farkon shekarun dubu biyu aka kawo wa asibitinmu kwamfuta guda ɗaya. Ta yi watanni a ofishina lulluɓe da zanen gado, ba wanda ya san abin da za a yi da ita. Wata Asabar Lawali ya biyo ya gaishe ni, ya tarar da ni durƙushe cikin tarin katuna ina neman na wani tsoho da ya ɓatar da lambarsa. Ya ɗaga zanen gadon ya leƙa, ya dube ni.

"Ummaru, kana da wagga a ɗaki kana rarrafe?"

Haka aikin ya fara. Cikin 'yan watanni ya rubuta mana abin da yanzu ake kira manhaja. A lokacin mu "aikin Lawali" kawai muke ce masa. Ka buga sunan mutum, lambar katinsa ta fito, da ranar da ya zo ta ƙarshe, da abin da likita ya ce a kiyaye game da shi. Labari ya bazu. Wani asibiti a ɓangaren Anka ya nema, wani kuma a ƙasar Bukkuyum, wajen Nasarawa Burkullu. Sai ya zamana duk ƙarshen mako yana kan babur, da faifan kwamfuta naɗe cikin leda a aljihun gaba saboda ruwan sama, yana zagaya wurare uku.

To, da zarar mutum ya ga na'ura ta yi masa abu ɗaya, sai ya tuna da guda goma da yake so. Kowa da buƙatarsa. Mai ba da magani yana son ta nuna masa abin da ya kusa ƙarewa. Wani babba a wurinmu yana son sunansa da muƙaminsa su riƙa fitowa da manyan baƙaƙe duk sanda aka kunna ta. Akwai wanda ya ce a sa ta riƙa yin sallama. Lawali kuwa mutum ɗaya ne, yana da aji shida da yake koyarwa, kuma wuta sai an tayar da janareta, wanda ba don mu ake tayar da shi ba. Ba yadda za a yi ya biya wa kowa.

Sai ya kafa ƙusa a bangon ofishina, ya kafa irinta a sauran wuraren biyu. Duk mai buƙata ya rubuta a 'yar takarda ya soke a jiki. Ƙarshen wata ya tattara, ya baje su a tabarma, ya haɗa masu kama da juna wuri ɗaya. Tarin da ya fi tsawo shi zai fara yi. Ya ce haka ne ba zai zalunci kowa ba, ba kuma wanda zai ce ya fifita babba kan ƙarami. Malamin lissafi ne, ƙidaya ita ce abin da ya yarda da shi. Mu ma duk muka ga adalci ne.

Ni ina da tawa buƙatar, kuma ta dame ni ƙwarai. Duk ƙarshen wata sai na kwashe kwana uku ina ƙirga marasa lafiya da hannu, maza nawa, mata nawa, yara nawa, zazzaɓi nawa, gudawa nawa, don rahoton da ake aikawa sama. Ina son in danna abu ɗaya rahoton ya fito a takarda. Da na gane yadda Lawali yake zaɓe, sai na yi dabara. Muka haɗu da takwarorina na Anka da Bukkuyum a wani ɗaurin aure, na ce kowa ya rubuta, ya kuma sa na kusa da shi su rubuta. Da wata ya ƙare, tarin rahoto ya ninka kowane tari.

A gefen tabarmar akwai wata takarda ita kaɗai, ba ta da 'yar'uwa. Sista Balki ce ta rubuta ta, ungozomarmu, wadda kuma take duba yara ranar awo. Ta girme mu duka. Abin da ta rubuta gajere ne: a ƙara wurin sa sunan da ake kiran yaro da shi a gida, a kuma daina tilasta sa sunan uba kafin na'ura ta yarda ta wuce gaba.

Ta zo da kanta ta tsaya bakin ƙofa lokacin da yake kan tabarma.

"Malam Lawali, ka ga tawa?"

"Na gani, Sista. Tana nan. Sai dai ke ɗaya kika rubuta."

"Ni ɗaya na rubuta, amma ba ni ɗaya abin ya shafa ba. Matan nan ba su faɗin sunan mazansu, kai ma ka sani. Ɗan fari ba su faɗin sunanai. Wadda aka sa ma ɗiyarta sunan uwar miji, ko za ka yanka ta ba ta faɗi."

"Gaskiya ne. Amma wanga aiki ba ƙarami ba ne. Sai na warware yadda aka jera sunaye gaba ɗaya, a wuri uku. Ki ba ni bayan wanga na rahoto."

Na sa baki, kuma har yau ina jin muryata. Na ce, "Sista, ai in mace ta ƙi faɗi sai mu buɗe mata sabon kati, minti biyu ne." Ta dube ni, ta juya ta koma ɗakin awo.

Wata biyu ya ɗauka yana aikin rahoton. Ranar da ya kammala, na danna, firinta ta yi ta ƙara, aikin kwana uku ya fito cikin minti biyar. Na saya mana tsire muka ci a gindin dalbejiyar asibiti. Ban taɓa jin daɗin wani abu na aiki kamar ranar ba.

Bayan 'yan makonni wata mata ta zo daga wani ƙauye na bakin gulbi, goye da yarinya 'yar shekara uku, jikinta zafi rau. Ba ta zo da kati ba, ta ce yana wurin maigida, shi kuma ya tafi kasuwar wani gari. Na tambayi sunan yarinya, ta ce Uwani. Na buga, ba Uwani daga ƙauyen. Na tambayi sunan uba, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Layi ya yi tsawo a bayanta. Na sa sunan ƙauyen a gurbin sunan uba don na'ura ta wuce, na buɗe sabon kati fari fes, na miƙa mata.

Abin da ban sani ba, yarinyar tana da kati a wurinmu. Watanni kafin nan ubanta ya kawo ta, ya ba da sunanta na yanka, Hadiza, sunan mahaifiyarsa. A zuwan nan aka ba ta wani maganin zazzaɓin cizon sauro, leɓɓanta suka kumbura, jikinta ya yi ƙuraje. Likita ya rubuta da jan biro cewa kada a sake ba ta irinsa, ni da hannuna na shigar da gargaɗin cikin kwamfuta. Yana nan zaune ƙarƙashin sunan Hadiza. Uwani kuwa katinta ba komai a ciki. Aka sake ba ta maganin nan.

Bayan kwana huɗu suka dawo da ita. Ba zan bayyana yadda fatarta da bakinta suka koma ba. Sista Balki ce ta gane ta, ta tuna fuskar uban da ya biyo su a wannan karon. Ta zo ofishina ta ce in buga Hadiza. Na buga. Jan gargaɗin ya fito a gabanmu, mu biyu muna kallonsa.

Aka wuce da yarinyar Sakkwato. Ta yi makonni tsakanin rai da mutuwa, Allah Ya tashi kafaɗunta, amma idonta ɗaya bai koma daidai ba.

Ranar Asabar Lawali ya zo, na faɗa masa. Na ce laifina ne, ni na buɗe katin, ni kuma na tara masa takardun rahoto da gangan. Wannan na biyun bai sani ba sai ranar. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya miƙa hannu ya zare takardar Sista Balki daga ƙusar da ya mayar da ita, inda sababbin takardu suka danne ta. Ta yi tsatsa a inda ƙarfen ya huda ta.

"Kai ka tara takardu, Ummaru, amma ni na ce takardu za a ƙirga. Ta zo har nan ta gaya min da bakinta. Na ji ta, na ce ita ɗaya ce."

Ya nemi izinin mako guda a makaranta. Bai taɓa kwamfutar ba a kwana ukun farko. Benci ya samu ya zauna a gefen tagar da nake ba da kati, yana sauraron yadda mata ke amsa tambaya. Ya ji wadda ta ce sunan ɗanta "Mai sunan Malam". Ya ji wata Bafulatana da ta ce "Dikko", laƙabin ɗan fari a wurinsu, da aka matsa mata sai ta kira wata maƙwabciyarta daga layi ta faɗi sunan a madadinta. Ya ga yadda nake cika ranar haihuwa da ka, domin na'urarsa ba ta yarda a bar gurbin ba komai, alhali uwa damina take ƙirgawa. Da yamma ya ce min, "Shekara biyu ina rubuta ma mutanen ga abu, ban taɓa zama na ji su ba. Ku nika ji, ku da kuka iya rubutu."

Wannan maganar ta zauna min. Matan da abin ya fi shafa ba su da hanyar soke takarda a ƙusa. Sista Balki ce kaɗai bakinsu, mu kuwa muka ƙirga ta mutum ɗaya.

Ya warware aikin ya sake ɗinkawa. Ya sa wurin sunan gida, da sunan uwa, da ƙauye, ya sa a iya nemo yaro da kowanne daga ciki. Ya cire tilascin sunan uba. Ya sa in za ka buɗe sabon kati ga yaro, na'ura ta fara jero maka yaran ƙauyen masu kusan shekarunsa waɗanda ke da gargaɗi a kansu, ta tambaye ka ko ɗaya daga cikinsu ne. Muka yi watanni muna bin tsofaffin katuna muna haɗe na mutum ɗaya da suka rabu biyu. Abin da muka tarar ya fi abin da muka zata yawa, har na daina faɗa masa in mun samu sabo.

Ƙusa ba ta bar bango ba, amma ya daina auna tsawon tari. Duk takardar da ya zara sai ya nemi mai ita, ya ce, "Mi ya faru ranar da ka rubuta wanga?" Sau da yawa sai ka ga abin da mutum ya rubuta daban, abin da ke damunsa daban. Mai ba da magani ya nemi a ƙara girman baƙaƙe, ashe hasken taga ne ke dukan gilashin kwamfutar, aka juya teburin magana ta ƙare. In ya gama jin labari sai ya tambayi wanda zai cutu in ba a yi ba, da irin cutar. Da wannan yake jera su. Akwai kuma waɗanda ya ƙi yi sam. Mu masu kati mun so ya ba mu damar goge abin da muka shigar bisa kuskure, ya ce a'a, sai dai a gyara tsohon ya kasance ana ganinsa, domin ranar da wani zai goge gargaɗin likita ba zai zo da sanarwa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya barin takarda ta mutu shiru. Wadda ba zai yi ba, zai mayar wa mai ita hannu da hannu ya gaya masa dalili. Har babban nan mai son sunansa ya fito, Lawali ya shiga ofishinsa ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, taka tana bayan ta masu awo, kuma gaskiya ban ga ranar da za ta zo gaba ba." Mutumin ya yi dariya ya ce ya ji.

Ciwon hanta ne ya kwantar da shi. Ya rame a hankali, babur ya gagare shi, sai mu muke kai masa takardun gida. A zuwana na ƙarshe kafin a wuce da shi Sakkwato, na tarar da guda ɗaya a gefen matashinsa. Wani ma'aikacin lafiya ne daga ɓangaren Bukkuyum ya rubuto, yana son na'ura ta riƙa nuna masa in yara da yawa daga ƙauye ɗaya suka zo da ciwo iri ɗaya cikin ɗan lokaci. Shi ma mutum ɗaya ne ya nema. Lawali ya ce min, "Wagga ita ce ta gaba. In na tashi da ita zan fara." Bai tashi ba. Muka yi masa sutura a Gummi ana yayyafi.

Ba a daɗe ba sosai bala'in gubar dalma ya bayyana a Yargalma da wasu ƙauyukan Bukkuyum da Anka, inda ake niƙa dutsen zinariya cikin gidaje, yara suka yi ta mutuwa. Ba zan ce da ya yi wannan aikin da an tsira ba. Ban sani ba, kuma abin ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya a ƙaramin asibiti. Amma duk lokacin da aka yi zancen, takardar nan ta gefen matashi nake gani.

Yau aikin Lawali babu shi ko'ina. Kwamfutocin sun mutu, faifan da yake yawo da su ba na'urar da ke karanta su. Kafin in yi ritaya an kawo mana sabuwar manhaja daga nesa, mai kyau, mai sauri, ta fi tasa komai da komai a ido. In kana da koke akwai wurin da za ka rubuta ka aika. Na aika sau uku, amsa ɗaya nake samu, cewa an gode, ana dubawa. Ban san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta ta ba, su ma ba su san akwai wata mata da ba ta iya faɗin sunan 'yarta ba. Ban ce miyagu ba ne. Mutanen da suke yi wa aiki sun yi yawan da ba za a iya zama da su a benci ba. Amma nakan so in ji abin da Lawali zai ce. Na san zai yi murna da saurin, zai yi ta latse-latse kamar yaro da sabon abin wasa. Daga nan sai ya tambayi wa ke zuwa ya ga yadda ake amfani da ita. Hanyoyin da yake bi a babur shi kaɗai ma, daga Gummi zuwa Anka, yau ba kowa ke bin su da kwanciyar rai ba. Wannan kam na gode wa Allah da bai gani ba.

Da zan yi wannan rubutu na je gaida Sista Balki. Ta tsufa, ido ya yi rauni, amma ta gane muryata tun daga zaure. Muka yi ta hirar da. Sai ta gaya min abin da shekara da shekaru ban sani ba. Ashe bayan an sallamo yarinyar nan, Lawali ya roƙe ta ta raka shi ƙauyensu. Suka je a babur. Ya durƙusa gaban uwar ya ce shi ne ya yi na'urar da ta kasa gane 'yarta, an gaya masa gyaran bai yi da wuri ba, ta yafe masa. Matar ba ta ma fahimci wace na'ura yake nufi ba. Ta ce Allah Ya yafe mana duka, ta kawo musu fura.

Na ce, "Bai taɓa gaya min ba."

"Ai ba zai gaya maka ba. Ya ce in ka ji, kai ma za ka ce sai ka je, kuma kai abin ya riga ya yi maka nauyi."

Ta shafa carbinta, ta ci gaba.

"Ummaru, na yi shekara talatin da wani abu ina aiki. Baƙi nawa suka zo da takardu suna tambayata mi nika so a gyara? Su rubuta, su yi godiya, su shiga mota. Shi ɗai ne ya taɓa dawowa ya ce min, Sista, ke ke da gaskiya, ni na yi kuskure."

Wannan ne abin da ya rage na Lawali, kuma da na auna sai na ga ya ishe shi. Bai bar gini ba, bai bar littafi ba, abin da ya rubuta ma ya bi na'urorin da suka ɗauke shi. Ya bar tsohuwa guda da har yau take tuna an saurare ta, da ni da na rasa wanda zan kai wa ƙorafi ya dube ni ya tambayi abin da ya faru. Allah Ya jiƙanka, Lawali, Ya haskaka makwancinka. Yadda ba ka bar roƙon kowa ba amsa ba, Allah Ya amsa namu a kanka.